Amarci a Kan Hanya: A Tafi Ko a Zauna?

A da, idan aka kai amarya ɗakinta, ta shiga ke nan sai bayan kwana bakwai. Ba ta girki, ba ta leƙa ƙofar gida, abinci na zuwa daga wajen uwar miji, 'yan ganin ɗaki na shiga suna fita, ango kuma yana waje da abokansa yana amsa "Allah ya sanya alheri". Yanzu wani salo ya fara shiga ran matasa a Kano da Kaduna da Abuja: a ɗaura aure ranar Asabar, a kai amarya Lahadi, kafin Laraba an jefa akwati a bayan mota an kama hanya. Ba masu hawa jirgi zuwa Dubai ko Umara nake nufi ba, waɗannan lissafinsu daban. Ina magana ne a kan ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai mota ɗaya, wanda ya ce shi da amaryarsa za su tuƙa da kansu zuwa Yankari, ko Jos, ko su zaga Daura da Katsina, su ci amarcinsu a can. Iyaye da yawa ba sa so, matasa da yawa suna ɗoki, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara.

Babbar hujjar masu cewa a tafi ita ce kaɗaici, kuma na fi ganin nauyinta a kan duk sauran. A tsarinmu, saurayi da budurwa ba sa sanin juna sosai kafin aure, kuma haka ya dace. Zance ne a zaure ko a falo, ƙanne na giftawa, kowa ya sa kayansa mafi kyau da halinsa mafi kyau. Sauran hirar a waya take. To an ɗaura, an kawo ta. Shin sun keɓe? Ina! Da safe gwaggo ta zo duba kwanan amarya, da hantsi ƙawaye, da azahar matan unguwa, da la'asar abokan ango, ga 'yar zaman ɗaki da aka baro mata, ga ƙannen miji da ke zuwa karɓar cajin waya. Idan gidan gandu ne kuwa, ko tari ta yi an ji. Amarya tana wuni da mayafi a ka tana gaisuwa, ango sai dare yake ganin fuskarta, a gajiye. Mota ce kaɗai ɗakin da babu mai ƙwanƙwasawa.

Ɗauki hanyar Kano zuwa Bauchi, wajen kilomita 300. An fita bayan asuba, an haye gadar Wudil, an bi ta Kwanar Huguma, an wuce Birnin Kudu mai duwatsun da ke ɗauke da zanen mutanen da, an shiga tsaunukan Ningi. Sa'o'i huɗu ko biyar ke nan mutum biyu suna gefe da gefe, ba fuska da fuska ba, kuma wannan zaman yana sauƙaƙa wa mai kunya magana. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da mijinta a ɗaki, sai ka ji tana kallon titi tana ba shi labarin makarantar kwana da ta yi, da rasuwar kakarta, da abin da take tsoro a aure. Shi ma haka. A hanya ne za ta ga yadda yake yi wa jami'in da ya tsare shi a shinge magana, ko da ladabi ko da izgili. Za ta ga abin da fuskarsa ke yi idan taya ta fashe, da yadda yake ciniki da mai faci, da ko yana tsayawa salla a kan lokaci ko sai "bari mu kai gaba". Shi kuma zai gane ko tana iya cewa "ina jin yunwa", ko irin masu haɗiye komai ce sai ya lura da kansa. Ana rawaito cewa Sayyidina Umar, da wani ya zo yana yabon wani mutum, ya tambaye shi ko ya taɓa tafiya da shi, domin tafiya ce ke fito da halin mutum. Masu wannan ra'ayi suna cewa gara a fara sanin halin nan tun ana ɗokin juna, lokacin da uzuri ke da arha.

Sai kuma abin da ido zai gani. Mace da yawa a ƙasar nan an haife ta a unguwa, ta yi karatu a unguwa, an kai ta wata unguwar, kuma da ciki ya zo, sai goyo, sai yaye, sai wani cikin. Wataƙila wannan ce tafiya ɗaya da za ta yi a rayuwarta wadda ba biki ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ba asibiti ba. Wanda ya taɓa zuwa Yankari ya san abin da ake nufi. Daga Bauchi a bi hanyar Gombe, a karkata a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, sannan a yi tafiyar wajen kilomita 40 cikin daji kafin a kai masaukin Wikki. Dajin nan tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma yana cikin 'yan wuraren da giwa ta rage a Najeriya. Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Birai kuwa sun saba da mutane har suna fizge leda a hannu, shi ya sa ma'aikata ke gargaɗin a rufe ƙofa da taga. Ma'auratan da suka yi dariya tare a kan biri ya gudu da burodinsu sun samu labarin da nasu ne su biyu, ba na dangi ba, kuma aure yana buƙatar irin wannan ajiya.

Akan ce wa masu son tafiyar ai wannan al'adar Turawa ce. A nan kam ina ganin masu suka sun yi rauni. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya tare da Nana Safiyya a hanya, yana dawowa daga Khaibara a shekara ta 7 bayan Hijira. Ya yi kwana uku a tsakanin Khaibara da Madina, aka shimfiɗa buzaye aka zuba dabino da cuku da man shanu, wannan ce walimar. An kuma rawaito ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya, bayan ya ce wa sahabbai su yi gaba. Wannan bai mayar da tafiyar amarci sunna da za a ce kowa ya yi ba, kuma duk wanda ya ce haka ya wuce gona da iri. Amma ya isa ya nuna cewa miji ya keɓe da matarsa a hanya yana faranta mata ba baƙon abu ba ne a addini. Mijinta ne, shi ne muharraminta. Su yi ƙasaru idan nisan ya kai, ya ja ta salla a masallacin bakin hanya ko a ɗakin masauki. Babu abin ƙi a nan.

To, sai mu koma wajen iyaye mata, domin su ne suka fi ƙin abin, kuma ba don jahilci ba. Kalmar da suke faɗa ɗaya ce: "Ina za ka kai 'yar mutane?" Duk wanda ya ɗauki wannan tambaya da wasa bai san halin da amarya ke ciki a makon farko ba. Yarinyar nan ta yi makonni ana gyaran jiki, dilka da halawa da turare. Ta zauna sa'o'i ana ƙunshi da kitso. Ta yi kamu, ta yi wuni, ta tsaya a kan dogon takalmi a wajen dina har tsakar dare, ta yi kukan rabuwa da gida har muryarta ta dushe. Sannan ta shiga wani sabon yanayi da jikinta bai saba da shi ba, wanda ke buƙatar ruwan zafi da hutu da wata babbar mace da za ta iya kira ta tambaya ba tare da jin nauyi ba. A wannan halin ne za a ɗora ta a kujerar mota sa'a shida a kan ramuka? Ga wani abu da maza ba sa lissafawa: banɗaki. Namiji zai tsaya a gefen titi ya gama. Amarya mai kwana biyu, wadda ko sunan mijinta ba ta iya faɗa, za ta matse tun daga Wudil har Bauchi don kunyar ta ce a tsaya, kuma ko an tsaya, banɗakin yawancin gidajen mai ba wurin da za a kai mace ba ne. Kwana bakwai ɗin da aka ce ta zauna ba ta girki ba ta fita, ba kurkuku ba ne. Jinya ce da hutu da kakanni suka tsara mata, sun kuma san abin da suke yi. Shari'a ma ta ware wa budurwa kwana bakwai, bazawara uku.

Kuma makon nan ba fanko ba ne. A cikinsa ake buɗar kai, a kawo gara, a kai amarya ta gaida surukai a sa mata albarka. Akwai inna da ta taso daga Maraɗi ko Gombe, ta kashe kuɗin mota, ba za ta koma ba sai ta ga ɗakin 'yarta ta zauna a kan kujerar da aka yi karo-karo aka saya. Idan ta zo ta tarar da kwaɗo a ƙofa aka ce "sun tafi yawon buɗe ido", ba za ta ce komai ba, amma ba za ta manta ba. Wa zai ɗauki laifin? Ba ango ba. Amarya za a ce ta zo da sabon salo, ta janye ɗansu tun ba a je ko'ina ba. A aurenmu mace tana shiga dangi ne, kuma kallon farko da suka yi mata yana daɗewa. Ango da ya ɗauke ta kafin uwarsa ta gama ganinta ya ci bashi da sunanta, ita za ta biya shekara da shekaru. Wasu kuma suna ƙarawa da cewa gida sabo cike da kayan ɗaki, unguwa duk ta ga shigarsu, a rufe shi mako guda babu kowa, gayyatar ɓarayi ce.

Sai hanyar kanta, kuma a nan babu wanda zai yi musu. Shekarun da aka yi ana sace mutane a titin Abuja zuwa Kaduna ba su yi nisa ba, har jama'a suka koma jirgin ƙasa, shi ma aka kai masa hari a ranar 28 ga Maris, 2022. Hanyar Birnin Gwari da ta Funtuwa zuwa Gusau sun daɗe suna cikin bakin mutane. Mai zuwa Jos daga Kano ta dajin Falgore zai ratsa, kuma ba wurin da ake son mota ta lalace da magariba ba ne. Mai sha'awar ya haye Kongolam ya je Damagaram ya ga fadar Sarki, sai ya tuna yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mutane suka maƙale wata da watanni. Amarya da ango kuwa ba sa ɓoyuwa: ga lalle har gwiwar hannu, ga sabbin akwatuna, ga ƙamshi, ga zinare. Wasu ma suna ɗora hoto a Instagram da TikTok suna faɗin inda suke da inda za su kwana. Ko an cire 'yan bindiga, ga haɗari. Bukukuwanmu sun fi yawa a ƙarshen shekara da kuma gab da azumi. Ƙarshen shekara lokacin hazo ne da cunkoson manyan motoci, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ke ta gargaɗi. Direban kuma ango ne da ya yi mako bai yi barcin kirki ba. Uwar da ta ce hankalinta ba zai kwanta ba, gaskiya ta faɗa.

Maganar kuɗi kowa na jan ta wajensa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi tashin da har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Kano zuwa Wikki da dawowa ya haura kilomita 800. Motar da ke shan lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha fiye da lita 80, ban da masauki da abinci da abin da ba a fata. Angon da ya gama lefe da sadaki da kuɗin haya, wataƙila da bashi a kansa, ina ya ga wannan? Masu son tafiya sai su ce: kuɗin zauren dina na dare ɗaya, da mai hoto da mai kiɗa da kwalliyar amarya, ya ninka wannan, kuma babu wanda ya ce almubazzaranci ne. Gaskiyarsu. Sai dai amsar tana aiki ne ga wanda ya bar dinar ya yi tafiyar. Yawanci ba haka ake yi ba, duka biyun ake haɗawa, sai a dawo daga Yankari a tarar babu kuɗin cefane.

Akwai mutum ɗaya da ba na jin wata hujja za ta wanke shi: mai uwargida. Kwanakin amarya bakwai ne ko uku, daga nan rabon kwana ya dawo. Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa. Mutumin da ya shekara goma sha biyar da mace bai taɓa kai ta ko Tiga ta ga ruwa ba, ya ɗauki amarya ya yi kwana goma a Jos yana turo hotuna, ya kunna wutar da shi kansa ba zai iya kashewa ba, kuma amaryar ya fara cuta, domin ita za ta dawo ta zauna a cikin gidan. Idan har zai yi, sai da yardar uwargida ta gaskiya, ba ta "to ya zan yi" ba, kuma da ranar tata tafiyar a tsaye.

Da na auna duka, abin da na gani shi ne ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke jayayya ba. Matasa suna kare tafiyar ne, iyaye kuma makon farko suke karewa. Kusan duk hujjar iyaye mai ƙarfi, gajiyar amarya, haƙƙin dangi, angon da bai yi barci ba, gidan da ido ke kansa, tana raguwa idan aka ɗaga tafiyar. Hujjar matasa kuwa ba ta rasa komai idan an jira. Hasali ma ƙaruwa take yi, domin amaryar da ta yi wata guda ta fara sakewa, tana iya cewa "tsaya a nan", tana iya dariya da ƙarfi, ta san abin da yake ci da abin da ba ya ci. Ra'ayina ke nan: a tafi, amma ba a cikin bakwai ba. A bari a yi buɗar kai, a karɓi gara, baƙi su watse, a zaga gidajen kawunnai da gwaggwanni a yi bangajiya. Bayan mako uku ko wata guda, sai a ɗauki kwana uku ko huɗu. Ma'aikacin da hutunsa gajere ne zai iya haɗa Juma'a da ƙarshen mako. Wanda aurensa ya faɗo a Disamba ma ya ci riba, don daga Janairu zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, dabbobin Yankari suna taruwa a bakin kogin Gaji, an fi ganinsu.

Abin da jira ba ya magancewa shi ne tsaro, kuma ba na son in sassauta shi. Hanya ba a zaɓenta don kyan hoto. A je tasha a tambayi direbobin da suka biyo ta jiya, su ne suka fi kowa sanin inda ya yi kyau da inda ya ɓaci, kuma amsar wannan watan ba ita ce ta watan gobe ba. A fita bayan asuba, a sauka kafin la'asar. A kai mota wajen makaniki kafin ranar, a duba taya da birki da safaya. A bar zinare a gida, a bar hotuna sai an dawo. Wani babba ɗaya a kowane gida ya san masauki. A riƙe takardar shaidar aure, domin akwai masaukan da ke tambaya, kuma babu amaryar da ta cancanci a tsaya ana yi mata kallon tuhuma a gaban kanta. Idan direbobi suka ce hanya ba daɗi, a haƙura da nisa. Daga Kano, Daura ba ta kai tafiyar sa'a uku ba: ga rijiyar Kusugu, ga tsohuwar fada, a wuce Katsina a hau hasumiyar Gobarau idan hanyar ta yi lafiya a lokacin. Kaɗaicin da ake nema bai dogara da yawan kilomita ba.

Wani abu kuma da ke damuna a duk muhawarar nan shi ne an cika yin ta a kan amarya ba tare da ita ba. Ango ya tsara da abokansa, Hajiya, uwar ango, ta hana ko ta bari, ita kuma a ce ta shirya kaya. Idan ya tambaye ta "kina so mu je?", amsar da tarbiyya ta koya mata ita ce "duk yadda ka ce". Wannan ba amincewa ba ce. Akwai wadda mota ke sa ta amai, akwai wadda ke tsoron daji, akwai wadda burinta kawai ta zauna a ɗakin da ta yi shekara tana mafarkinsa ta jera kwanukanta yadda take so. Akwai kuma wadda tun tana makaranta take son ta ga tsaunukan Jos, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sai ya ba ta zaɓi biyu ko uku na gaske, har da zaɓin a zauna, ya kuma ba ta kwanaki ta yi shawara da yayarta.

Ita ma Hajiya ba a yi mata sanarwa, izini ake nema, kuma ɗanta ne zai nema, ba surukarta ba. Ya je shi kaɗai bayan an gama hidima, ya zauna a ƙasa ya ce, "Hajiya, ina so in ɗan kai ta Bauchi ta huta, kwana uku, da rana za mu tafi da rana za mu dawo, na tambayi hanya." Uwar da aka bari ta ga surukarta ta tsuguna ta gaishe ta, ta ci girkinta na farko, da wuya ta hana. Idan kuma ta ce a dakata sai bayan salla, a dakata sai bayan sallar.